Maganin Zinaren Indiya: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Bari a Kanta?

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci Indiya ya san yadda abin yake. Ana gama ganin likita sai a shiga neman tsaraba, kuma da wuya ka fito daga kantin maganin Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, ba a nuna maka wani abu mai sunan zinare ba. Ni a Delhi aka fara nuna mini, lokacin da na raka yayana. Mai kantin ya buɗe wata 'yar durowa mai makulli, ya zaro kwalbar da ba ta kai ɗan yatsana ba, a cikinta wani gari ja-ja mai duhu da bai wuce cikin farce ba. Ya ce wannan shi ne swarna bhasma, tokar zinare, mai mayar da tsoho yaro. Da ya faɗi kuɗin, sai yayana ya ce, "Ƙanena, mayar masa da abinsa kafin ka yi atishawa."

Sunan zinaren ɗaya ne, amma kayan sun kasu kusan gida huɗu, kuma tsakaninsu akwai tafiya.

Tokar ita ce uwa. Ana buga zinare ya zama siririn ganye, a gasa shi ya yi ja, a tsoma a man riɗi, a sake gasawa a tsoma a tsala, sannan fitsarin saniya, da sauran ruwaye. Wannan mataki suke kira shodhana, wato tsarkakewa. Wanda zancen fitsarin ya tsaya masa a rai, sai ya ji ta bakin malaminsa kafin ya kai ga aljihu. Daga nan a niƙa shi, galibi tare da zaiba da farar wuta, a rufe a tsakanin kasko biyu, a liƙe da yumɓu, a gasa da busasshen kashin shanu, a maimaita sau da yawa har ƙyallin ya mutu. Masu sana'ar suna da gwajinsu: garin ya yi iyo a kan ruwa, ya shige zanen yatsa in an murza, kada ya yi walƙiya a rana. Gwaji ne mai kyau na laushi, amma ba ya gaya maka ko dalma ko ragowar zaiba sun maƙale a ciki. Abin da littattafansu suka ƙayyade a sha kuwa ɗan mitsitsi ne, kamar miligiram 15 zuwa 30, da zuma ko man shanu. Ga kuma lissafi mai sauƙi: ka tambayi farashin giram ɗin zinare a ranar. In an ba ka giram ɗin toka a ƙasa da haka, to ba zinare aka sayar maka ba.

Gida na biyu ne ya fi ba ni tsoro, wato haɗe-haɗen da sunansu kan ƙare da "ras", irin su Vasant Kusumakar Ras da ake tallata wa masu ciwon suga, da Brihat Vat Chintamani Ras, sai kuma Makaradhwaja. A nan zinaren ɗan rakiya ne kawai. Makaradhwaja kusan dukkansa zaiba ce da aka haɗa da farar wuta, Vasant Kusumakar kuma a cikin kayan haɗinsa har da tokar dalma, da gangan aka zuba, ba kuskure ba. Masu yin su sun ce wuta da tsarkakewa sun kashe dafin. Ɗakin gwaji bai tabbatar musu ba. A 2004 Dokta Robert Saper da abokan aikinsa suka auna magungunan Ayurbeda 70 daga kantunan yankin Boston a Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko asenik (shi ma guba ne) a guda 14. A 2008 suka sake, da guda 193 da aka sayo ta intanet: kusan ɗaya cikin biyar ya gurɓata, amma a cikin masu haɗin ƙarfe abin ya kai kashi 40 cikin ɗari. Mu da muka ga abin da dalmar wurin haƙar zinare ta yi wa ɗaruruwan yaran Zamfara a 2010, ba sai an zaunar da mu an yi mana bayani ba. Dokar Indiya kanta ta sa zaiba cikin abubuwa masu guba da ba a sha sai ƙarƙashin kulawar likita.

Sai swarna prashana, ɗigon zinare da zuma da man shanu da ake ɗiga wa yara a baki don kaifin basira da garkuwar jiki. Asalinsa daga tsohon littafin Kashyapa Samhita ne, kuma a Indiya har rana ake ware masa wata-wata, ranar tauraron Pushya. Ko an ajiye zancen zinaren gefe, jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, saboda ƙwayar cutar da kan shanye masa jiki. Ban ga dalilin da zai sa a gwada wannan a kan ɗan goye ba.

Na huɗu shi ne chyawanprash, baƙin maɗi mai danƙo da ake yi da 'ya'yan amla masu tsami, da sukari, zuma, man shanu da tarin ganyayyaki. Dabur da Baidyanath suna yin sa, akwai kuma irin su Sona Chandi da aka ce an sa musu zinare da azurfa. Zinaren da ke cikin cokali guda bai taka kara ya karya ba. Kuɗin sunan kake biya. In kana so, sayi wanda ba shi da ƙarfe ko kaɗan. Mai ciwon suga dai ya tuna maɗi ne.

To, zinaren yana aiki kuwa? Likitocin zamani ma sun taɓa amfani da gishirin zinare wajen ciwon gaɓɓai, suka ja baya da aka sami waɗanda suka fi shi, don yana taɓa ƙoda da fata da jini. Batun ƙara garkuwar jiki da dawo da ƙuruciya kuwa, yawancin hujjar da ake kawowa gwaji ne a kan ɓeraye ko mutane 'yan ƙalilan.

In duk da haka ranka ya biya, juya kwalin ka karanta. Ka nemi lambar lasisin kamfani, lambar rukunin da aka sarrafa, da cikakken jerin kayan haɗi. Kalmomi huɗu za ka haddace: parada ko rasa zaiba ce, naga dalma ce, haratala asenik ne. Ka tambayi takardar gwajin ƙarafa ta wannan rukunin, ba ta bara ba. In a Najeriya ne, babu lambar NAFDAC babu ciniki, ko da yake lambar ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce. Garin da aka ƙulle a takarda ba suna kuwa, ko kyauta ne a bar shi. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su yi nesa da gida uku na farko.

A ranar nan na tambayi mai kantin takardar gwajin kwalbarsa. Ya yi dariya, ya ce kakansa ma bai taɓa buƙatar takarda ba. Muka ɗauki gwangwanin chyawanprash guda biyu marasa zinare, ya mayar da kwalbar cikin durowa ya murɗa makulli.