Kayan gyaran kafireta da suka kusa cinna wa motata wuta

Motata tsohuwar Land Rover ce ta soja, Series IIA, wadda mahaifina ya saya a gwanjo tun ina firamare. Inji mai silinda huɗu, lita 2.25, tankuna biyu a ƙarƙashin kujerun gaba, sai ka ɗaga kushin sannan ka zuba mai. Ba na son a raba ta da kayanta na asali, shi ya sa da kafiretarta, Zenith 36IV, ta fara zuƙar mai ba ji ba gani, na ƙi shawarar masu cewa in cire in sa wata ƙirar Weber. Sai na yi odar ƙunshin kayan gyara wajen wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a intanet. Kuɗin da suke tsugawa yanzu kuwa kun sani.

Da farko kam na yaba. Kaya suka iso kafin ranar da ya ɗiba, gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe, ya zauna daram. Yaron gareji ya ɗaura, mota ta tashi bugu ɗaya, silo ya kwanta. Kwana tara ina tallar mutumin nan kyauta a majalisa.

Ran na goma muna hanyar gona ni da ƙanena, buhunan taki a baya, sai warin fetur ya cika mana hanci. Ban damu ba, don wanda yake zaune a kan tanki ya saba da wari. Can sai ta fara tari, baƙin hayaƙi na tashi ta baya. Ina ɗaga bonet gabana ya faɗi: mai ne ke tsiyaya daga jikin kafireta, yana ɗiga kan bututun hayaƙi mai zafi, yana cuuu. Wanda ya san injin nan ya san bututun shaƙa da na fitar da hayaƙi gefe guda suke, kafireta kuma a samansu take. Muka ja da baya da yashi cike da hannu, muna ta salati. Da tarakta aka jawo mu gari, yara na bin mu da ihu.

Na kai ta wajen wani dattijon bakanike da ya koyi aiki a garejin soja. Ya kwance kafiretar, ya kife murfinta, ya hura iska da baki ta mashigar mai. Iska ta wuce. Ya wanke sabuwar allurar da ta zo cikin kayan gyaran, ya sake hurawa, ta sake wucewa. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?” Aikin allurar nan ke nan, ta toshe hanya idan kwanon mai ya cika, in ba ta toshe ba famfo ya yi ta turowa har ya yi ambaliya. Zoben robar da ke ciki kuma ya kumbura ya yi laushi kamar ƙosan da ya kwana a koko. Kwana goma fa!

Amma Baba bakanike bai bar ni na wanke kaina ba. Ya nuna min murfin ya ɗan lanƙwashe saboda shekarun da aka yi ana matse sukurorinsa da ƙarfin tsiya. Kofin gilashin da ke jikin famfon mai kuwa rabinsa tsatsa ne da ruwa, ladan man bumburutun da nake sha. Ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi ya goge murfin a hankali har ya daidaita, aka wanke tankunan biyu, aka sa matacin mai a tiyo. Allura kuma tsohuwar da na ajiye a gwangwani ya mayar, ta rufe ruf. A nan na ɗan sauko, na ce to laifin namu ne mu biyu, ni da mai kayan, tauraro uku ma zan ba shi a wajen auna ingancin kaya a intanet.

Sai na kira mai kayan don ya sani kawai, ko kuɗi ban nema ba. Budar bakinsa sai cewa ya yi, “Oga, man ƙasarku ne ba kyau.” Na tura masa hoton zoben, ya gani, shiru. Yau sati uku. Man ƙasarmun ne dai tsohuwar allurar ta shekara da shekaru tana sha ba ta gaza ba. Tauraro ɗaya, shi ma na gasket ne, don shi kaɗai ya rage a cikin motar. Jiya ma da na ji wari a danja sai da na faka na ɗaga bonet, ashe mai babur ɗin gefena ne.