Gargaɗi: an cinye wa dattijo N185,000 da sunan canjin kwamfuresan AC a Kano

N185,000 aka karɓa a hannun wani dattijo ɗan fansho a kan Corolla 2006 wadda babu abin da ya lalace a cikinta sai rile, ɗan makunnin da ke tura wa kwamfuresan AC wuta. Mu da muke sana'ar gyaran AC kunya ta hana mu haɗa ido da shi, domin da sunan sana'armu aka yi masa wannan zalunci. N140,000 wai kuɗin kwamfuresa (injin da ke matsa gas ya zagaya cikin AC) ɗan Baljiyam, N25,000 gas, N20,000 kuɗin aiki. Kwana tara AC ɗin ya yi yana ɗan sanyi, a na goma bel ya fara ihu, hayaƙi ya tashi ta ƙasan bonet a tsakiyar go-sulo, cikin zafin Afrilu.

Kada wani ya ce dattijon ne ya yi sakaci. Ya tambaya, ya nemi a nuna masa kayan kafin a ɗaura, kuma an nuna masa. Mai gyaran ya ɗauko kwamfuresa yana ƙyalli, ya sa hannu ya juya fulin, wato ƙarfen da bel ke juyawa, ya ce: "Baba, kai ma juya ka ji, sumul yake. Ai kai uba ne, ba zan cuce ka ba." Baba ya juya, ya ji yana tafiya lafiya, ya ce, "To yarona, Allah ya yi albarka," ya tura kuɗi. Wannan juyin fulin shi ya fi ƙona mana rai. Fuli a kan boris ɗinsa yake zagayawa, ko da cikin kwamfuresa ya narke zai juya sumul. Abin da ake juyawa a gwada shi ne farantin gaba na kuloci (abin da ke kama fuli don kwamfuresa ya fara aiki), wanda yake haɗe da sandar ciki, a toshe bakin fitar gas da yatsa a ji ko yana turo iska. Wanda ba sana'arsa ba ce ina zai san wannan? Shi kuwa mai gyaran ya sani sarai, shi ya sa fulin ya miƙa masa.

Tun farko ma abin da Baba ya kai ƙara shi ne AC yana ɗaukewa idan mota ta yi zafi, ya dawo da kansa idan ta huce, sanyinsa kuma lafiya lau. Kwamfuresan da ya mutu ba ya haka. Wannan alamar rile ce, ko tazarar kuloci da ta buɗe ta wuce kusan rabin milimita, ko fankar kondensa (abin da ke huce gas a gaban lagireto) da ta gaji. Aikin minti goma ne: a musanya rile da irinsa daga akwatin fis, a duba ko wuta tana isa kuloci, a ɗaura geji, wato ma'aunin ƙarfin gas mai allurai biyu. Idan kuloci ya kama, allurar ɓangaren ƙasa tana wajen 30 zuwa 40 psi, ta sama ta haura 200 a irin zafinmu, to kwamfuresa yana aikinsa. Sai idan kuloci ya kama amma allurai biyun suka tsaya kusan wuri ɗaya ake zargin cikinsa. Ko geji mutumin nan bai ɗaura ba, kunne kawai ya kara ya ce ya mutu.

Da aka kawo mana motar muka buɗe akwatin fis, sabon rile fil muka tarar a gurbin na AC, sauran duk sun sha ƙura. Wato ya gano cutar, ya gyara ta a ɓoye, sannan ya kwance lafiyayyen kwamfuresa na asali ƙirar Denso ya ɗaura mataccen da aka wanke da fetur aka fesa wa fenti. Fentin har kan kusoshi da soket ɗin waya. Baba ya tambayi tsohon nasa, aka ce yara sun ba 'yan jari-bola. Ƙarya ne. Ba a ba 'yan jari-bola Denso mai rai, wani za a sayar wa a ce daga Baljiyam ya zo. Ya ci N185,000, ya kuma ci kwamfuresa.

Shi kansa ɗaurin ba a yi shi yadda ake yi ba. Duk inda aka buɗe layin AC aka canza kwamfuresa, dole a canza draya, matatar da ke tsotse laima daga gas, domin garin da ke cikinta yana shan laima da zarar iska ta shiga. A sa sabbin zoben roba a kowace mahaɗa, a auna man kwamfuresa (PAG) daidai da abin da motar take ɗauka, a juya farantin da hannu kamar sau goma don man ya zagaya. Sannan injin zuƙe iska ya yi aiki aƙalla minti 30, a rufe a ga ko allura za ta motsa, kafin a ɗura gas ɗin R134a a kan sikeli, gwargwadon abin da aka rubuta a sitikar ƙasan bonet, wajen rabin kilo a irin wannan mota. Babu ɗaya da ya yi. Tsohuwar drayar tana nan, robobin tsofaffi ne, gas kuma daga wata tukunya marar rubutu. Baba yana zaune a benci, cikin awa ɗaya aka miƙa masa mukulli. Na koma baya: kafin a fara aikin ma sai da ya nemi rasit, aka ce littafin ya ƙare, gobe ya aiko. Har yau gobe ba ta yi ba.

Yanzu ga abin da aka bar masa. Da mataccen ya cije, ya watsa garin ƙarfe cikin layin gaba ɗaya. Man da muka tsiyayo baƙi ƙirin ne, yana walƙiya da ɓurɓushin alminiyam. Kondensan irin wannan mota ramukanta sirara ne, ba ta wankuwa, sai dai a sake wata. Bawul ɗin da ke fesa gas cikin ifaporeta (abin da ke sanyaya iskar cikin mota) ya toshe, draya sabuwa, tiyo da ifaporeta sai an wanke su tas, ga bel da ya ƙone. Duk wanda ya ɗaura sabon kwamfuresa a kan wannan datti, shi ma zai bi na farko. Gyaran da ya rage ya fi N185,000 ɗin da aka riga aka ci, a kan mutumin da fansho yake jira. An koma garejin sau uku, sai yaran mai gyaran, wayarsa kuma a kashe. "Kai ma juya ka ji." Da bakinsa ya faɗa wa sa'an mahaifinsa haka. Allah ya isa.

Hoton fentin, da na man, da sabon rilen, da shaidar tura kuɗin duk suna hannu, za mu saka su da yamma bayan mun rufe sunan Baba.

Kada ku yarda a kwance kwamfuresa ba a ɗaura geji a gabanku ba. Ku yi wa naku alama da ƙusa kafin ku bar mota, ku karɓi tsohon a hannu, kuma babu rasit babu kuɗi.