National Honor Society: abin da na gani a shekara biyu da 'yata ta yi a ciki

Takardu biyu ne suka shigo gidanmu a Bronx, a birnin New York, cikin wata guda, lokacin babbar 'yata tana aji 10. Ta farko ta gidan waya ta zo, ambulan mai kauri da hatimi ruwan zinariya, sunan yarinyar an lanƙwasa shi kamar katin ɗaurin auren 'yar gwamna. Ta biyu falle ɗaya ce, malama ta miƙa mata a aji, ita kuma ta cusa a jaka har ta yamutse. Ni da mahaifiyarta ta farkon muka ɗauka da hannu biyu. Har na ɗauki hotonta na tura wa yayana a Kano.

Ashe wani kamfani ne. Wai an zaɓi 'yarmu cikin haziƙan ɗalibai, mu turo kusan dala 100 su aiko da takardar shaida da sitika ta manna wa mota. Na riga na zaro katin banki sai ta ce, "Baba, rabin ajinmu fa an aiko musu irinta." Na mayar da katin aljihu. Ba zan ce damfara ba ce, amma girmamawar da ake biya kafin a ba ka, ka san ciniki ne.

Yamutsattsiyar ita ce ta National Honor Society, NHS a taƙaice, ƙungiyar karrama haziƙan ɗaliban sakandare. Ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta Amurka ce ta kafa ta a 1921, bisa ƙoƙarin wani shugaban makaranta a Pittsburgh, Edward Rynearson. Ba a sayen gurbi da kuɗi, kuma ba daga wata hedikwata ake zaɓe ba. Kowace makaranta da reshenta, kwamitin malamai biyar ne ke zama su tantance, suna duba abu huɗu: ƙoƙarin karatu, jagoranci, hidima ga jama'a, da halin kirki. Mafi ƙarancin maki a ƙa'idar ƙasa 85 ne cikin 100, wato 3.0 a ma'aunin 4.0, amma makaranta na iya ɗagawa. Tasu ta kai shi 90. Makin ma ƙofar zaure kawai yake buɗe maka.

A nan muka yi tuntuɓe. A shekarar farko ba a ɗauke ta ba.

Makinta ya haura 90, babu malamin da ya taɓa kawo ƙararta. Amma a fom ɗin akwai wurin da za a rubuta aikin sa kai: me ka yi, awa nawa, wa ya shaida, ga layin sa hannu. Ta bar shi fayau. Yarinyar da tun tana shekara 13 kowace Asabar tana biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyyar masallacinmu. Yarinyar da duk azumi ita da ƙawayenta ke zuba shinkafa a robobi, su jera dabino da ruwa, bayan an sha ruwa su kwashe shara har ƙarfe goma. Na tambaye ta dalili, ta ce ita ba ta ɗauka wannan yana cikin lissafi ba, ai aikin masallaci ne. Gaskiya ni ma da ni ne haka zan yi. Mu an tashe mu a kan cewa abin da hannun dama ya bayar kada hagu ya sani. Ka je ka ce wa liman ya sa maka hannu cewa ka share masallaci awa uku? Kunya ma ba za ta bar ka ba.

Sai da na daure na je da kaina bayan sallar isha'i. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata 'yar takarda ce ta makarantar yara." Ya sa tabarau ya karanta, ya yi shiru, ya ce niyya a zuci take, takarda kuma ta mutanen makaranta ce, a ba kowa nasa. Ya sa hannu. Daga ranar aka ajiye littafi a ofishin masallacin, duk yaron da ya yi aiki a rubuta. Shekara ta zagayo, tana aji 11, aka ɗauke ta.

Bikin rantsarwar a ɗakin taron makaranta aka yi da yamma. An kunna kyandir huɗu, kowane ɗaya na ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu, yara suka ɗaga hannu suka yi alkawari, aka ba su ɗan baji mai hoton tocilan wuta. Minti arba'in an gama. Mahaifiyarta ta sha leshi da gwaggwaro kamar ranar suna, sauran iyaye kuwa wasu da kayan aiki suka zo.

Abin da ya fi min daraja ba bikin ba ne. An ɗora ta a kan koyar da 'yan aji 9 lissafi sau biyu a mako, aka kuma zaɓe ta ma'aji. Da sanyi ya shigo reshensu ya yi gangamin tara rigunan sanyi, ita ce ta riƙa kiran shaguna a waya tana roƙon kwali. Wannan yarinya da ko baƙo ya yi sallama sai ta shige ɗaki. Wata rana ina jinta daga falo tana gaya wa wani manaja cewa ya yi alkawarin kwali goma, shida ya aiko. Na rage ƙarar talabijin don in ji yadda za su ƙare. Ya ciko huɗun.

Akwai abin da bai yi min ba, kuma a reshen makarantarsu na gan shi. Taro ƙarfe bakwai da kwata na safe, ni da nake tuƙin dare. Wasu yaran kuma farautar awa kawai suke yi, su tsaya minti ashirin a wurin rabon abinci, a ɗauki hoto, su miƙa takarda a sa hannu. Babu mai tsawatarwa. Kuɗin shekara dala 20 ne, ban yi ƙorafi ba, amma gyalen da ake yafawa ranar yaye ɗalibai daban aka saye shi, sau ɗaya kuma aka sa.

Iyaye kan tambaye ni ko yana kai yaro jami'a. Shi kaɗai, a'a. Mambobin sun haura miliyan a faɗin ƙasar, masu tantancewa a jami'o'i sun gaji da ganin haruffan nan uku. A Common App, fom ɗin neman shiga jami'o'i, layi ɗaya ya ci. Tallafin karatun da ƙungiyar ke bayarwa tun 1946 ta nema, ba ta samu ba. Abin da ya yi mata aiki shi ne ta sami labarin da za ta rubuta, da malamar da ta san ta sosai har ta rubuta mata takardar yabo mai nama a jiki.

In za a ce in ba da maki, huɗu cikin biyar. Ƙaninta yana aji 9 yanzu, shi ƙwallo ce a gabansa, makinsa na rawa tsakanin 82 da 86. Na manna masa takardar rubuta awa a jikin firij tun watan Satumba. Layi biyu ya cike, ɗayan ma ɗaukar kujeru ne ranar walimar saukar Alƙur'ani, kuma har yau bai kai wa Malam ya sa hannu ba.