Na'urar gwada iskar cikin ruwa da na saya wa kifina

Gaskiya wannan karamar mita ta bude min ido. Wata biyu tarwada na ba sa girma daidai, wasu sun yi kiba wasu kuma tsawo kawai babu nauyi, ina ta zargin abinci ashe iskar cikin ruwan ce take faduwa da asuba, kuma ruwa in ya dumama iskar da yake rikewa raguwa take, sai kifi su ki cin abinci. Da na fara canza ruwa na rage cunkoso, nauyinsu ya fara bin tsawonsu.

Matsalarta daya, batir baya dadewa, kuma sai ka rika saita ta akai-akai in ba haka ba karatun ya kauce. Amma wallahi ko gobe zan sake saya.