Shafin UNV na 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya: Abin da na gani bayan shekara uku ina neman aiki ta cikinsa

Ranar da na kawo takardar kammala bautar ƙasa gida, Baba ya juya ta gaba da baya ya ce, "To Malam, yanzu sai ina?" Na ce waje nake son fita aikin sa-kai na raya karkara, irin wanda mutum zai shekara a gari har ya san masu unguwa. Ya yi dariya ya ce in fara sanin hanyar gonarmu ta Bichi tukuna.

Wata shida na yi ina lalube. Peace Corps da ake ta ambata, hukumar 'yan sa-kai da shugaban Amurka Kennedy ya kafa a 1961, ta 'yan Amurka ce kaɗai. VSO ta Birtaniya, wadda ke aiki tun 1958, ƙwararrun da suka daɗe a bakin aiki take nema. Akwai kuma wani kamfani da na ci karo da shi a Facebook, ya ce zai kai ni Gabashin Afirka na sati shida idan na biya kuɗin da zai sayi fili a bayan gari. Ni da na je neman a yi amfani da karatuna, sai ga shi ana so a sayar mini da yawon buɗe ido. Na rufe shafin.

A farkon 2022 na yi rajista da UNV, shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. An kafa shi a 1970, hedikwatarsa tana Bonn a Jamus, kuma UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, ce ke riƙe da shi. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba a karɓar ko sisi, tun daga rajista har zuwa ɗauka. Za ka cike bayananka, ka ɗora takardun makaranta, ka rubuta harsunan da kake ji da ayyukan da ka taɓa yi. Daga nan guraben suna gabanka, kana tace su da ƙasa ko fanni. Kowane gurbi yana da cikakken bayani: wace hukuma ce ke nema, a wane gari, na wata nawa, har da yanayin rayuwa da tsaro a wurin. Wannan ɓangaren ya burge ni ƙwarai, don ba a ɓoye maka cewa garin da za ka babu wuta ko ruwan famfo.

Amma sabon mai digiri ya shirya wa abin da zai tarar. Lokacin da na shiga, rukunin matasa na 'yan shekara 18 zuwa 26 ne, na ƙwararru kuma daga 27, da gogewar shekara uku. Guraben matasa na ƙetare ba su da yawa, wasu daga cikinsu kuma gwamnatoci irin na Jamus da Koriya ta Kudu ne ke biya domin 'yan ƙasarsu. Na aika takarda wajen ashirin, duk a banza, kuma da na sake karanta abin da na rubuta daga baya sai na ga ko ni ba zan ɗauki kaina ba. Digirin tattalin arzikin noma, shekara ɗaya ta koyarwa a bautar ƙasa, shi ke nan.

Ƙofar da ta buɗe mini ta gida ce. Shafin yana da guraben cikin ƙasa, na kuwa samu ɗaya a Maiduguri, aikin raba iri da bibiyar manoman da suka koma garuruwansu. Hausar da ban ɗauke ta a bakin komai ba ita ce sharaɗi na biyu a tallan. Shekara biyu na yi a can, da dare ina fama da Faransanci a waya. Bayan na cika 27 na nemi wani gurbi a yankin Tafkin Chadi, ɓangaren Chadi. Aka yi mini jarrabawar rubutu, aka yi ganawa ta bidiyo da mutum uku, rabi da Turanci rabi da Faransancina mai ɗingishi, aka kuwa ɗauke ni.

Batun kuɗi, kada a ruɗe ka, alawus ne na wata-wata. Ana biyan tikitin jirgi, akwai inshorar lafiya da kuɗin kama ɗaki idan ka sauka. Yana riƙe ni, ina kuma aika wa Umma ɗan abin cefane, amma ba zai gina gida ba.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba shafin UNV. Yanzu wata na bakwai ke nan a Baga Sola, garin da aka tura ni a Chadi. A ofis Faransanci, a kasuwa Larabcin Chadi da nake tsinta kaɗan-kaɗan, wajen masu banda kifi kuwa Hausa zalla. Satin jiya Baba ya kira yana tambaya ko masararsu ta kai tamu tsayi.