Samfurin Ising a NetLogo: Ya yi wa mai koyo, bai ishi mai awo ba

Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa idan zafinsa ya kai kusan digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, kuma samfurin Ising, wanda Wilhelm Lenz ya gabatar a 1920, yana cikin hanyoyi mafi sauƙi na fahimtar wannan sauyi. Manhajar NetLogo ta kwaikwayon al'amura a kwamfuta, wadda Uri Wilensky ya ƙirƙira a 1999 kuma Jami'ar Northwestern ta Amurka take rabawa kyauta, tana ɗauke da shi cikin taskar samfuranta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take nuna wa ido abin da lissafi yake faɗa. Samfurin raga ce ta ƙananan gidaje, kowane gida a cikinta ƙaramin maganaɗisu ne mai kallon sama ko ƙasa, wanda yake son daidaita da maƙwabtansa huɗu, zafi kuma yana hargitsa su bisa ƙa'idar Metropolis ta 1953, wadda take yanke ko gida zai juya ko ba zai juya ba. Idan aka rage zafin sannu a hankali zuwa 2.27 a ma'aunin samfurin, ba na Salshiyas ba, adadin da ya fito daga warwarar da Lars Onsager ya yi wa lissafin samfurin a 1944, sai a ga launuka sun dunƙule manya da ƙanana, suna haɗuwa suna wargajewa, kafin launi ɗaya ya rinjaya. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar sauyin halin maganaɗisu a matsayin hadda ba. Umarnin shirin ma gajere ne, ana iya karanta shi a zama guda.

Sai dai mai son awo na haƙiƙa zai gaji. Da yake gida ɗaya ake juyawa a kowane mataki, aikin yana tafiyar hawainiya a daidai wurin da ya fi muhimmanci, wato kusa da 2.27, kuma samfurin bai zo da dabarar Wolff ta 1989 mai juya dunƙule guda a lokaci ɗaya ba. Haka nan ƙaramar raga tana dusashe kaifin sauyin, don haka fitar da ma'aunin 1/8, mai nuna yadda maganaɗisu yake dusashewa dab da sauyin, yana buƙatar gwaji a kan raga masu girma dabam-dabam. BehaviorSpace, wani kayan aiki a cikin NetLogo wanda yake maimaita gwaji da kansa, yana rage wahalar, amma bai ƙara wa ƙa'idar sauri ba.

Ina ba malamai da ɗaliban fiziks shawarar su fara da NetLogo, mai bincike kuwa ya rubuta nasa shirin da harshen kwamfuta na C ko Julia.