Kafe kanun tebur ko raba allo: wanne ya fi a Excel?

Mai rubuta lissafin buhunan albasar Galmi a Tahoua ya san matsalar: da ya gangara layi na 200, kanun sama sun ɓace, bai san ina kuɗin sefa yake ba, ina yawan buhu. Excel na Faransanci yana da magani biyu a ƙarƙashin Affichage, ɗaya daga cikin sassan umarni da ke saman allo.

Figer les volets kafewa yake yi. Ka danna gidan B2 (inda jerin B ya haɗu da layi na 2) kafin ka zaɓe shi, layin farko da sunayen masu saye da ke jerin A su tsaya cak, sauran na tafiya. Dokarsa ɗaya ce: abin da ke sama da gidan da ka danna, da na hagunsa, shi ke kafewa. Sai dai kar ka kafe layuka da yawa, ƙaramar kwamfuta ba ta da fili.

Fractionner kuwa raba allon yake yi gida biyu ko huɗu, ka ajiye cinikin Janairu kusa da na Yuni ka gwada. Amma kanun na iya zamewa.

Ni kafewa na zaɓa don aikin kullum. Wajen bugawa a takarda fa ba ta aiki, sai ka nemi Imprimer les titres, mai maimaita kanun a kowane shafi.